Alkawarizmi, Malamin Lissafin Ciniki

An haifi Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi wajen shekarar 780, ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Wajen 820 ya rubuta littafin da aljabara ta samo sunanta, domin amfanin masu ciniki da masu rabon gado. Babu x a cikinsa. Adadin da ake nema, abu yake kiransa. Ya rasu wajen 850.

Da nake gwajin koyarwa a Jikwoyi, x ya razana yarana ƙwarai, har na fara fid da rai. Sai na bi hanyarsa: an sayar da doya naira 3,000, riba rabin kuɗin saye, watau abu da rabinsa 3,000 ke nan. Kafin in ɗauki alli, wata yarinya mai talla ta ce 2,000.