Marigayi Ƙasimu Yero, Gaga Na Talabijin

Mu da ke zaune nan Kudu mun daɗe da sanin Ƙasimu Yero, Allah ya jiƙansa. Bazazzagi ne, an haife shi a Zariya, amma yawancin zamansa da iyalinsa a Kaduna ya yi shi.

A Arewa da shirin Karambana aka fi saninsa, da kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam da aka mayar wasan talabijin. To amma abin da ya kawo shi har zangonmu shi ne Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980 don kwaɗaitar da jama'a noma. Nan ya fito a matsayin Gaga, mutum mai taurin kai da ƙin sabon abu. Kai, har maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo sun san Gaga! A kasuwa ma sai da suka daina ɗauka Bahaushe goro da shanu kawai ya iya, ganin yadda yake juya Turanci kamar Hausa.

Ya sha jinya a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Kaduna ran 3 ga Satumba, 2017, yana da shekara 70, kwana biyu bayan Babbar Sallah.