Kiichiro Toyoda: Ɗan Masaƙin da Ya Kafa Toyota

Duk mai cin kasuwar bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ko daga Maraɗi zuwa Jibiya, ya san Toyota. Hiace ke ɗauko mu, Hilux ke ɗauko kayanmu. A filinmu na yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya kafa kamfanin, wanda ya bar duniya bai ga ko ɗaya daga cikin motocin nan biyu ba.

An haifi Kiichiro Toyoda ran 11 ga watan Yuni 1894 a lardin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa, Sakichi, ya yi suna wajen ƙera injin saƙa. Kiichiro ya karanci aikin injiniya a jami'ar Tokyo, ya gama a 1920, ya kama sana'ar gidansu. A 1929 ya je Ingila, inda suka sayar wa kamfanin Platt Brothers izinin ƙera injinsu a kan fam 100,000. A tafiyar ya biya ta Amurka, ya ga yadda mota ta cika tituna, ya dawo da niyyar ƙera tasa.

A lokacin kuwa kasuwar mota a Japan tana hannun baƙi. Ford ya buɗe masana'anta a Yokohama a 1925, General Motors ya buɗe tasa a Osaka a 1927. Daga Amurka suke kawo kayan, su harhaɗa su sayar, ba wani ɗan ƙasa da zai iya karawa da su a farashi ko a ƙarko.

A 1933 Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin masana'antar injin saƙa. Suka sayi Chevrolet, suka kwance ta ƙusa-ƙusa don su gane sirrinta. Zubin injin kaɗai ya ci musu watanni, ana zubawa yana lalacewa. A 1935 suka fitar da motar ɗaukar kaya mai suna G1, amma ta riƙa mutuwa a hanya. Kiichiro da kansa yakan je inda ta tsaya, ya duba abin da ya karye, a koma masana'anta a gyara.

A 1936 gwamnati ta shigo cikin lamarin, musamman da matsin sojoji masu neman motocin yaƙi na gida. Aka yi doka cewa duk kamfanin da zai ƙera mota fiye da 3,000 a shekara sai da lasin, kuma sai mafi yawan jarinsa na 'yan ƙasa ne. Toyota da Nissan suka samu. Aka yafe musu haraji na shekara 5, aka ƙara kuɗin fito kan kayan waje. Zuwa 1939 Ford da General Motors sun daina aiki a Japan. A wannan tsakanin ne, a 1937, sashen mota ya zama kamfani mai cin gashin kansa, Kiichiro kuma ya hau shugabancinsa a 1941.

Bayan Japan ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, sai ciniki ya tsaya, bashi ya yi wa kamfanin katutu. Babban bankin ƙasar ya tara bankuna suka ba da rance, amma da sharaɗi: a ware sashen sayarwa daban, a kuma rage ma'aikata. Kiichiro ya daɗe yana ƙin korar kowa. Ma'aikata suka yi yajin aiki na kusan wata 2, daga ƙarshe fiye da mutum 2,000 suka bar aiki. A watan Yuni 1950 shi ma ya ajiye muƙaminsa, ya tafi tare da su. A cikin watan nan aka fara yaƙin Koriya, sojojin Amurka suka yi odar manyan motoci, kamfanin ya farfaɗo. Ana shirin mayar da shi kan kujera sai ya rasu, ran 27 ga Maris 1952, yana da shekara 57.

Mu da ke kuka da kuɗin fito kullum, ya kamata mu lura cewa irinsa ne ya ba Toyota sararin tsayawa da ƙafarsa. Amma a yankinmu ma an gwada. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da goyon bayan gwamnatin Nijeriya, sai dai yawancin kayan daga Faransa ake kawo su. Da naira ta faɗi bayan 1986, tsofaffin motoci kuma suka riƙa shigowa ta Kwatano, sai aikin ya ja baya. Kiichiro kuwa ya yi amfani da shekarun kāriya ya koyi zuba injinsa da sarrafa ƙarfensa a gida. Garin Koromo, inda ya gina masana'antarsa a 1938, tun 1959 Toyota ake kiransa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa.