Waliyyi Bernard Mai Masaukin Kan Tsauni

Ranar 15 ga watan Yuni ce Ikilisiya take tunawa da Waliyyi Bernard na Aosta, wanda wasu ke kira Bernard na Menthon. Kada mu rikita shi da takwaransa Bernard na Clairvaux, malamin Ikilisiya, wanda muke idinsa ranar 20 ga Agusta. Wannan na yau bai bar mana littafi ko guda ba. Abin da ya bari gida ne a bakin hanya, kuma har yanzu ana hura wuta a cikinsa.

Tsaunukan Alps sun gitta tsakanin Italiya da arewacin Turai kamar ganuwa. Duk mai nufin Roma daga Ingila ko Faransa a zamanin da, sai ya nemi mashigi, wato wata ɓaraka tsakanin ƙololuwa biyu inda ƙafa za ta iya bi. Mashigin da ya haɗa garin Martigny na Suwizalan da garin Aosta na Italiya tsayinsa mita 2,469 ne, ya ɗara Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Dusar ƙanƙara kan rufe shi fiye da rabin shekara. Hazo kan sauko farat ɗaya har mutum ya kasa ganin na gabansa, ƙanƙarar da ta taru a gangare kuma takan zaftaro ta binne ayari guda. Romawa sun gina wa gunkinsu Jupiter ɗakin tsafi a wurin, matafiya suna ajiye baiko don su tsira. Ban da sanyi akwai mutum: a shekara ta 972 'yan fashi suka kama Mayolus, shugaban gidan ibada na Cluny, a gindin wannan hanya, ba su sake shi ba sai da aka biya fansa mai yawa.

An haifi Bernard wajen shekara ta 1020. Akwai labarin da ya bazu cewa shi ɗan sarauta ne daga Menthon, kusa da tafkin Annecy, wai ya diro ta taga a daren jajibirin auren da mahaifinsa ya shirya masa. Labari ne mai daɗin ji, amma sai bayan ɗaruruwan shekaru da rasuwarsa aka rubuta shi, masana tarihi kuwa sun fi karkata ga cewa shi ɗan yankin Aosta ne. Mu dai a ganinmu waliyyin ba ya bukatar wannan ado. Abin da ya tabbata shi ne, ya zama babban dikon na Aosta, hannun daman Bishop, mai kula da matalauta da baƙi. Aosta kuwa ita ce gari na farko da matafiyi ke isa idan ya gangaro. Saboda haka a ƙofarsa ake sauke waɗanda sanyi ya cinye wa yatsu, da waɗanda aka yi wa ƙwace, da matan da suka baro mazansu a ƙarƙashin ƙanƙara.

Wani zai ce ya isa a yi musu jinya a gari. Bernard bai ga haka ba. Wajen shekara ta 1050 ya hau can kan mashigin, daidai inda mutane suke mutuwa, ya gina masauki da ɗan ɗakin sujada, ya sa su ƙarƙashin sunan Waliyyi Nikolas. Mu da kakanninmu suka san fatauci mun san darajar zango ga ayari. To, wannan zango ne a wurin da ko itacen wuta ba ya tsirowa, sai an yi dakonsa da alfadarai daga ƙasa a 'yan watannin da hanya take buɗe. Ƙa'idar gidan ba ta da wuya: duk wanda ya zo a ba shi miya mai zafi da wurin kwana, ba a tambayar addininsa ko abin da ke jakarsa. Waɗanda ya zaunar a gidan, da suka bi tafarkin Waliyyi Agustin, aikinsu biyu ne, yin sujada ga Kristi a kan bagade da ciyar da shi cikin baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba sa ma jiran a ƙwanƙwasa. A lokacin sanyi sukan gangara kowane ɓangare na hanya tare da 'yan jagora, ko da akwai wanda ya maƙale. Sunansa na kan wani masauki na biyu a mashigin da ke tsakanin Aosta da Faransa, mai tsayin mita 2,188, wanda ake kira Ƙaramin Bernard.

Shi kansa bai zauna wuri ɗaya ba, ya yi ta yawon wa'azi cikin ƙauyukan duwatsu har zuwa yankin Novara. An ruwaito cewa a 1081 ya sadu da Sarki Henry na Huɗu a Pavia, ya roƙe shi ya janye daga yaƙar Paparoma Gregori na Bakwai. Sarkin bai ji ba. A hanyar komawa ciwo ya kama Bernard a Novara, ya rasu cikin watan Yuni, aka binne shi a gidan ibada na Waliyyi Lawrence. Paparoma Innocent na Goma Sha Ɗaya ya shigar da sunansa cikin jerin waliyyan Ikilisiyar Roma a 1681. A 1923 Paparoma Pius na Goma Sha Ɗaya, wanda shi ma ya hau tsaunin Monte Rosa a 1889 tun yana firist, ya ayyana shi majiɓincin mazauna Alps da masu hawan duwatsu.

Duniya ta fi sanin karnukan gidan fiye da mai gidan, abin da ba ya rasa ban dariya, domin Bernard bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Sai bayan kusan shekara 600 da rasuwarsa aka soma kiwonsu a can. Manya ne masu faɗin ƙirji, suna buɗe hanya cikin ƙanƙara, suna shinshino wanda aka binne. Mafi shahara shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, aka ce ya ceci fiye da mutum 40. 'Yar gangar giya da ake zana musu a wuya ƙagen masu zane ce. Tun 2005 wata gidauniya a Martigny ce ke kiwonsu, aikin ceto kuwa ya koma hannun jirage masu saukar ungulu da na'urori.

A watan Mayu na 1800 Napoleon ya ratsa mashigin da sojoji wajen 40,000, 'yan'uwan suka ciyar da su kamar yadda suke ciyar da kowa. Daga wannan gida ne kuma aka aika masu bishara zuwa kan iyakar Tibet a 1933, don su kafa irin wannan masauki. Ɗayan waɗanda suka biyo baya, Fada Maurice Tornay, an kashe shi a can a 1949, aka ayyana shi Mai Albarka a 1993.

Hanyar mota ta ƙetare mashigin a 1905, a 1964 kuma aka huda rami mai tsawon kusan kilomita 6 ta ƙarƙashin dutsen, har aka zaci kwanan masaukin ya ƙare. Bai ƙare ba. Daga Yuni zuwa Oktoba hanya takan cika da masu yawon buɗe ido a mota, da masu keke da ke gwada ƙarfinsu a kan gangaren da tseren Tour de France ya bi a 2009, da masu ziyarar ibada da ke takawa a ƙasa daga Canterbury zuwa Roma. Da yawansu hoto kawai sukan ɗauka su wuce. Amma idan ƙanƙara ta rufe hanya motoci suka ɗauke, 'yan'uwan ba sa saukowa. Mai son isa gare su a lokacin sai ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa ya hau na sa'o'i, ya tarar da shayi mai zafi, da gado, da Misa a ƙaramin ɗakin sujada na ƙarƙashin gidan.