Hub van Doorne

Hubert Jozef van Doorne, wanda aka fi sani da Hub van Doorne (an haife shi ranar 1 ga Janairu, 1900, ya rasu ranar 23 ga Mayu, 1979), ɗan ƙasar Holan ne, mai masana'anta kuma maƙirƙiri. Shi da ƙanensa Wim suka kafa kamfanin motoci na DAF. An fi tunawa da shi saboda Variomatic, tsarin giya mai aiki da bel da puli, wanda yake sauya gudun mota ba tare da direba ya canza giya ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen America da ke lardin Limburg, a kudancin Holan. Mahaifinsa maƙeri ne. A shekarar 1928 ya buɗe ƙaramin wurin aikin ƙarfe a birnin Eindhoven, da jarin da wani ɗan kasuwa mai suna Huenges ya zuba. A 1932 kamfanin ya karkata ga ƙera tireloli, ya ɗauki sunan da aka taƙaita zuwa DAF. A 1949 ya fara ƙera manyan motocin ɗaukar kaya.

Variomatic

A wancan zamani motoci masu giyar otomatik galibi manya ne masu tsada, irin na Amurka. Burin Van Doorne shi ne mai ƙaramar mota ma ya samu wannan sauƙi. A 1958 aka nuna motar DAF 600 a bajekolin motoci na Amsterdam, aka fara sayar da ita a 1959. Injinta mai silinda biyu ne, iska ke sanyaya shi.

Puli shi ne faifan da bel yake zagayawa a kansa. Idan pulin da inji yake juyawa ƙarami ne, na ɓangaren taya kuma babba, mota tana samun ƙarfin ja amma gudunta kaɗan ne. Idan na injin ya fi girma, gudu yana ƙaruwa, ƙarfin ja ya ragu. A tsarin Van Doorne kowane puli rabi biyu ne masu siffar mazurari da ke fuskantar juna. Idan suka matso, bel ya hau sama, tamkar pulin ya girma. Idan suka buɗe, bel ya nutse ciki, tamkar ya ƙanƙance. Wasu ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa yayin juyawa, tare da zuƙar iskar inji, su ke daidaita wannan motsi. Bel biyu ne na roba, kowanne yana juya tayar baya ɗaya. Da yake tsarin bai bambanta gaba da baya ba, motar tana iya gudu da ribas kamar yadda take yi gaba, har aka riƙa yin tseren baya-baya da motocin DAF a Holan.

Ƙarshen rayuwa da tasiri

Matsalar bel na roba ita ce yana cinyewa, kuma ba ya jure ƙarfin babban inji. Bayan ya yi ritaya a 1965, Van Doorne ya ci gaba da neman mafita ta hanyar bel na ƙarfe. Don wannan aiki aka kafa kamfanin Van Doorne's Transmissie a Tilburg a 1972. A 1975 Volvo ya karɓi ɓangaren ƙananan motoci na DAF.

Ya rasu a garin Deurne kafin bel ɗin ƙarfen ya shiga kasuwa. Sai a 1987 ya fito a motoci irin su Fiat Uno da Ford Fiesta da Subaru Justy, sannan Bosch ya sayi kamfanin a 1995. A yau giyar da ake kira CVT a motoci da yawa tana aiki da wannan dabara, haka ma baburan sukuta da wasu injinan yankan ciyawa.