Sarki Alhaji Abdullahi Bayero (1881–1953): Daga Bici Zuwa Gidan Rumfa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, an haifi Abdullahi Bayero a birnin Kano a shekarar 1881, ɗa ne ga Sarki Muhammadu Abbas, wanda a zamaninsa ɗariƙar Tijjaniyya ta samu gindin zama a fadar Kano. Ya riƙe sarautar Ciroma, ya kuma yi hakimcin Bici, ƙasar manoma inda gona ke manne da gona. Tun a wannan zamani aka san shi da kusantar malamai da girmama su, kuma bai sauya ba bayan da aka naɗa shi Sarkin Kano a 1926.

Ya hau mulki ƙasa tana hannun Turawa, ikon sarki yana da iyaka. Bai ɓata ƙarfinsa a jayayyar da ba za ta haifar da komai ba. Abin da ya rage a hannunsa sai ya karkata shi ga amfanin jama'a da addini. A zamaninsa ruwan famfo da wutar lantarki suka shiga birni, aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, aka kuma sake gina babban masallacin Juma'a. Ya raba ayyukan mulki ga 'yan majalisarsa, ya ɗaukaka malaminsa kuma amininsa Malam Sulaiman har zuwa sarautar Wali.

Amma abin da ya fi cancantar ahbabu su tsaya a kansa shi ne hajjinsa na 1937, wanda ya sa ake kiransa Sarki Alhaji. A ƙasa mai tsarki ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, Allah Ya ƙara masa yarda. Sarki yana da shekara hamsin da 'yan kai, yana mulkin masarauta mafi yawan jama'a a Arewa. Shehu kuwa bai cika arba'in ba, kuma sunansa bai riga ya bazu a ƙasar Hausa ba. Duk da haka Sarki ya sallama masa, ya sabunta ɗariƙarsa a hannunsa, ya gayyace shi Kano. Mai rawani da dogarai ya zauna a matsayin almajiri gaban wanda ya girme wa, wannan ba ƙaramin yaƙi da zuciya ba ne, kuma ba kowane malami ma yake iyawa ba, balle sarki.

Ta wannan ƙofa Faila ta shigo. Da Shehu ya ziyarci Kano a shekarun 1940, manyan almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga, suka karɓe shi, daga zaurukansu kuma ta watsu zuwa garuruwa da ƙauyuka.

Ya rasu a watan Disamba na 1953, bayan shekara 27 a kan gado, ɗansa Muhammadu Sanusi, wanda shi ma ya yi hakimcin Bici yana Ciroma, ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, amin.