Gregor Mendel: Malamin Da Ya Faɗi Jarrabawar Malanta

'Yan'uwa da muka zauna aji uku tare, na san ba ku manta da waken da muka jiƙa a auduga cikin kwalba, muka jera a tagar ɗakin gwaji ba. Wani ya tsiro kwana uku, wani ya ƙi. A darasin nan ne na fara jin sunan Gregor Mendel, kuma a gaskiya haddace shi kawai na yi don jarrabawa.

An haifi Mendel a 1822, ɗan manomi ne talaka, a yankin da yau ke cikin ƙasar Cek. Talauci na cikin abin da ya kai shi gidan ibadar Kirista na birnin Brno a 1843, inda ya zama fada, yana kuma koyarwa. Malamanmu, ku yi haƙuri da wannan: sau biyu ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, a 1850 da 1856, bai ci ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan yana barbarar waken fis, wajen tushe 28,000, yana ƙirga komai. Da ya haɗa dogon fis da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Amma a jikoki sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, kusan uku bisa ɗaya. Ashe halin bai ɓace ba, kwanciya ya yi cikin iri.

Ya buga aikinsa a 1866, kusan ba wanda ya kula. Ya zama shugaban gidan a 1868, rigimar haraji da gwamnati ta cinye masa lokaci, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana uku suka tono aikin.

Abin da ya mayar da ni ga kwalbarmu shi ne binciken 1997. An gano ƙwayar gadon da ke sa fis ɗinsa tsawo, aikinta taimakawa wajen haɗa wani sinadari mai suna jibarelin. Wannan sinadari ne kuma ke tashin iri daga barci idan ya sha ruwa. A hatsi, shi ke sa a narkar da sitaci ya koma sukari, ɗan tsiro ya samu abinci kafin ya yi ganye. Zaƙin da tsiro ke ba kunu daga nan yake. Shekaru na yi ina shan kunun, ban taɓa alaƙanta shi da lambun Brno ba.