Alhaji Alhassan Ɗantata, 1877-1955

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877, a gidan Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya rasu tun Alhassan yana yaro, sai wata baiwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan laƙabin Ɗantata ya samo asali.

Da goro ya fara. A zamanin nan ayarin Gwanja yakan yi watanni bisa hanya, goro kuwa ba ya son daɗewa, mai ci ɗanye yake nema. Alhassan yana cikin fataken farko da suka riƙa ɗoro shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Amma a kan gyaɗa basirarsa ta fi bayyana. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, auduga Turawa suka sa wa rai saboda masaƙun Ingila, har suka kafa injin gurza a nan Zariya. Ba su tambayi manomi ba. Shi kuwa manomi ya riga ya yi lissafinsa: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa tana biyan haraji, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida. Auduga ba ta shiga tukunya. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano.

Alhassan ya san abin da ke damun mai gona, watau rashin kuɗi a hannu kafin kaka. Saboda haka ya watsa yaransa ƙauyuka da jari, suna ba da kuɗi tun amfani bai nuna ba, a biya da gyaɗa. Cikin 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa. A ganina, ni da na tashi a Gyallesu ina jin tsofaffi suna hirar bashin kaka, wannan dabara ba alheri zalla ba ce, gama wanda ya ci bashi ba ya iya jayayya a kan awo. Duk da haka manoma sun karɓa, don babu wanda ya zo musu da abin da ya fi.

Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano cikin 1929, an ce raƙuma ashirin suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari.